Ƙuna a Cikin Famfas

Da gari ya waye ranar Talata, aka tarar an ɓalle ƙofar shagon Saude. Ba ɓarayi ba ne, domin ko tsinke ba a ɗauka ba. Kayan kawai aka watso waje, sabulu da hoda da man shafawa, ga famfas fari fat warwatse cikin taɓon ruwan da aka kwana ana yi. Wanda ya yi aikin ma bai ɓoye kansa ba. Murtala ne, mai ɗinkin buhu a kasuwar hatsi ta Ƙaura, wanda ɗansa Abbati ke kwance a asibiti tun jiya da yamma.

Yara uku ne a unguwar, duk masu koyon rarrafe, suka tashi da ƙuna a mazaunai da matsematsi kamar an watsa musu ruwan zafi. Biyu abin ya tsaya musu a fata. Abbati kuwa har da amai da dalalar da yawu, jiki duk ya saki. Da maza suka tambayi matansu abin da aka sa wa yaran, amsa ɗaya aka ba su: famfas. Na ina? Na shagon Saude mana, ita kaɗai ke sayar da shi ƙulli-ƙulli a unguwar.

Saude baƙuwa ce. Daga Ɗan Isa ta gudo bayan an kashe mijinta a gona, kuma Allah bai taɓa ba ta haihuwa ba. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su, ba sa buƙatar shaidar da ta fi wannan. Kafin hantsi an gama yanke mata hukunci a bakin rijiya: baƙin ciki take yi da 'ya'yan mutane.

Mai unguwa Muhtari ya sa aka shigar da ita cikin gidansa, sannan ya aika a kira Maitama.

Maitama mai bin sawu ne. A da, in aka kore wa mutum shanu, shi ake tasowa, ya duƙa ya dubi ƙasa ya ce sun yi gabas, ɗaya tana ɗingishi, kuma wanda ya kora su dogo ne. Yanzu ba mai bin sawu cikin daji, saboda kowa ya san abin da ke jira a ƙarshensa. Sai ya koma noman wake a Banga, yana zuwa yana dawowa, da sunansa mai kyau da yake lallaɓawa kamar ƙwai.

"Malam Maitama," in ji mai unguwa, "kai ka saba bin abin da ya ɓace. Bi mini wanga."

"Ranka shi daɗe, saniya ni ka bi. Wanga abu ba shi da kofato."

"Shina da hannun da ya kawo shi. Ka ji ni da kyau. Ran Juma'a in an sauko masallaci, in ba ka zo mini da wata magana ba, 'yan sanda zan ba matagga. In na bar ta nan, kashe ta za a yi. Kuma ko sun sake ta, ta gama zama unguwagga."

Maitama ya dubi famfas ɗin da ke cikin taɓo, ya kawar da kai. Abu ne da dattijo kamarsa ba ya son a ga ya ƙura wa ido.

*

Ya sami Saude a soron ciki, zaune a kan tabarma, ta rufe ƙafafunta da mayafi. Ya zaci zai tarar tana kuka. Ba ta yi, kuma wannan ya fi damunsa.

"Baba, na ji abin da sunka ce. Wai don ban haihu ba."

"Ba shi na zo tambaya ba. Ina kike sarowa?"

"Shinkahi, wurin Kamalu. Dila nike ɗaukowa, in ƙulla biyar-biyar, don ba kowa ka iya sayen leda guda ba."

"Kina aje maganin ɓera cikin shago? Ko na sauro, ko kananzir?"

"Mage gare ni, Baba. Kananzir kuwa ko a gida ban da shi."

Sannan ta ce, "Abbatin nan ni ka goya shi in uwatai ta tahi niƙa. Ka tambaye ta."

Daga nan ya koma shagon ya duƙa kamar yadda ya saba. Ya shinshina katakon da take jera kaya, ya shafa siminti, ya leƙa bayan kwalaye. Babu tabon wani abu da ya zube, babu wari sai na sabulu. Ya tsinci ƙulli ɗaya da bai taɓa taɓo ba, ya waiga hagu da dama, ya cusa shi cikin aljihu da sauri kamar mai sata.

*

A asibiti, Murtala ne ya fara tare shi a baranda, idanu jajur.

"Baba Maitama, mi za a bincika? Ga ɗana can kwance, ga wadda ta sai da abin. Ko sai ya mutu za a yarda?"

"Allah shi ba shi lahiya, Murtala. Bari in ga ma'aikaciya."

Malama Khadija, nas ɗin da ke kula da ɗakin yara, ba ta ɓata masa lokaci ba. Ta ce ƙunar da fitsari ke yi wa yaro in an bar shi da jiƙaƙƙen famfas daban take, kullum suna ganinta. Wannan kuwa guba ce ta shiga ta fata. Ƙwayar idon Abbati ta tsuke, ga yawu, ga amai, irin abin da suke gani a jikin manoman da suka yi feshi ba riga.

"Daga kamfani ta taho ke nan?"

"Ban sani ba, Baba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Na aika ɗaya Gusau a gwada, amma sakamako ba zai iso kafin Juma'arku ba. Ka nemi ragowar ainihin wanda aka sa masa, ba wanda aka kwaso daga shago ba."

Asiya, uwar yaron, tana bakin gado. Da Maitama ya tambaye ta ragowar, sai ta ɗan yi jim kafin ta zaro wata baƙar leda daga ƙasan jakarta ta miƙa masa, ba tare da ta ɗago kai ba. Ya lura da wannan jim ɗin, ya ajiye shi a ransa.

*

Washegari ya bi motocin safe zuwa Shinkafi, lokacin da hanya ke da mutane.

An riga an cika masa kunne da Kamalu. An ce kayan da kamfanoni suka ƙi yake kwasowa, an ce har waɗanda suka lalace yake haɗawa. Da Maitama ya faɗa masa abin da ke tafe da shi, sai da saurayin ya dubi ƙofar baya, kamar mai auna nisanta. Maitama ya ce a ransa, to, ga ɓarawon saniyar.

"Baba, ba ni musu," in ji Kamalu. "Waɗanda anka ƙi ne. Wani manne ya karkace, wani ba a buga mai suna ba. Amma guba? Ɗiyata ma shi ta ka sawa. Shigo ka duba."

Ya shiga ya duba, kuma bai ga komai ba sai dila kan dila, a kan katako, ɗaki a bushe. Ya fito da abin da ke aljihunsa ya shimfiɗa a kan benci: na shagon Saude a dama, na ledar Asiya a hagu. Kamalu ya ɗaga na hagun ya buɗe shi da hannu biyu.

"Wanga ba na Saude ba ne."

"Ƙaƙa ka sani?"

"Babba ne, mahi girma duka. Ita ƙanana da matsakaita ta ka ɗauka. Ta ce manya ba su tahiya unguwarsu. Tunda muke, ban taɓa ba ta ko ɗaya ba."

"Wa ka sai da manya?"

"Rabin kasuwagga, Baba."

Maitama ya fito ya bi ta bayan 'yan gishiri, ya ƙi bi ta layin da ke kusa, kuma yana da dalilinsa. Sau ɗaya tak a rayuwarsa ya taɓa sayen famfas, kuma a wannan layin ne.

Yana da 'yar fari, Nusaiba, da ke aure a Zurmi. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, haka ya tarar iyayensa na yi. In zai ambace ta sai ya ce "ta Zurmi". Amma son da yake mata, Allah kaɗai ya sani. Da ya ji ta kusa haihuwa, sai ya rasa inda zai sa kansa. Ba zai iya tsayawa a shagon Saude, a unguwarsu, da furfurarsa, ya ce a ba shi kunzugun jikan 'yar fari ba. Sai ya zo har Shinkafi inda ba a san shi sosai ba, ya sayi dila guda, ya ce a ba shi mafi girma, don a ganinsa babba ya fi ƙarami daraja. Ya ɓoye ta a gida har aka haihu. Ranar suna ya ajiye ta a zauren surukansa kafin mutane su taru, ya koma cikin maza ya zauna kamar bai san komai ba.

Abin ya faɗo masa a rai yanzu, amma ya kore shi. Tasa dilar tana Zurmi, ƙuna kuwa a Ƙaura take, kuma Kamalu ya ce rabin kasuwa na sayar da manya.

*

Da ya dawo, bai shiga gida ba. Ya zauna a bayan masallaci inda ba kowa, ya buɗe famfas ɗin Asiya a rana, ya bi shi ninki-ninki da yatsa kamar yadda yake bin ƙasa. A ninkin gefe, inda roba ta tattare, ya ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige. Ya karkaɗe su a tafin hannu.

Ƙwarin wake ne, matattu, sun bushe.

Ya buɗe na biyu, ya sake samun su. Ya kai hanci. Can ƙasa da ƙamshin da ake sa wa abin, akwai wani wari siriri da kowane manomi ya sani, warin fiya-fiya, ruwan maganin nan da ake yayyafa wa buhunan wake don kada ƙwaro ya ci. Ya buɗe na shagon Saude, babu ƙwaro, babu wari. Saude ba ta da gona, ba ta da ko tiya ɗaya ta wake.

Ya kai wa Malama Khadija. Ta duba ta gyaɗa kai, ta ce ya dace da abin da ta gani a jikin yaron, amma hanci ba shaida ba ne a gaban mutanen da suka riga suka yi fushi. Ta ba shi kwalabe biyu masu murfi, ta ce ya sami ƙwarin wake masu rai, ya sa su da guntun wannan a ɗaya, da guntun wancan a ɗaya, ya bar ido ya yi aikinsa.

Sannan ya ja kujera kusa da Asiya.

"Ɗiyata, ba hwaɗa zan yi miki ba. Wanga ba ki saye shi ba. Wa ya ba ki?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Baba, barka ce anka kawo mini. Ƙaƙa zan ce wadda ta yi mini alheri ita ta ƙone mini ɗa? Kuma ita da bakinta ta ce wurin Saude ta sayo."

"Wa?"

"Karima."

*

Karima, wata matar aure a unguwar, da ya je gidanta da sassafe ranar Alhamis, sai da ta yi rantsuwa iri uku kafin ya ajiye matattun ƙwarin a gabanta. Daga nan ta zauna daɓas a bakin ƙofa.

Labarinta gajere ne. Bana mijinta bai sami shiga gonarsa ba, gida ba komai. Aka yi haihuwa uku a unguwa ba ta kai barka ko ɗaya ba, alhali duk sun kawo mata lokacin tata. Watanni tana sauya hanya don kada su haɗu. Sai ga shi ta sami famfas kyauta, da yawa. Ta ƙulla shi cikin baƙaƙen ledoji, ta bi gidajen uku ta ba da haƙurin jinkiri. Da yake yaran sun yi wayo, girman ya zo musu daidai.

"To don mi kika ce na Saude ne?"

"Baba, in ce musu kyautar da anka ba ni ce na juya? Da wane ido zan dube su? Cewa na yi na saya." Ta fashe da kuka. "Da naj ji an hwasa shagonta, wallahi ban runtsa ba. Amma na kasa hitowa."

"Wa ya ba ki?"

"Matar yayana Mahmuda, can Zurmi. Wani ya aje musu dila guda a zaure ran suna, ba a san ko wane ne ba. Ya yi wa jaririn girma, sai ta ɗebo mini..." Ta tsaya, ta dube shi. "Af, Baba, ai ɗiyarka ce."

Maitama bai ji sauran ba. Ɗakinsa na ajiya kawai yake gani. Tun da aka fara ƙona rumbuna a ƙauye, ya kwaso wakensa daga Banga ya jibge a ɗakin bayan gida, wanda shi kaɗai ke riƙe da makullinsa. Can ya cusa dilar, tsakanin buhuna, don kada matarsa ta gani ta yi masa dariya. Ya ma farke bakinta don ya ga irin abin da ya saya, ya ɗaure da igiya sama-sama. Kuma duk bayan 'yan kwanaki yakan shiga da gorar fiya-fiya ya yayyafa ko'ina, har da kan dilar, don kada ɓera ya taɓa wa jikansa kaya.

Ya ciro waya ya kira Mahmuda, mijin Nusaiba, layin Zurmi ba ya shiga. Ya sake kira, shiru. Ya tsayar da mai babur, ko ciniki bai yi ba.

*

Bai taɓa wuce zauren gidan 'yarsa ba. Ranar nan ya wuce. Mahmuda ba ya nan, sai ya yi sallama a tsakar gida da muryar da shi kansa bai gane ta ba, ya tsaya a bayan labulen ɗakinta ya juya wa ƙofa baya.

"Ke. Abin nan da anka aje muku ran suna. Kun sa wa yaro?"

Nusaiba ta amsa a ɗarare, don ita ma ba ta saba ya yi mata magana kai tsaye ba. "A'a, Baba. Ya yi mai yawa. Amma yaron ya ciko yanzu, jiya na hiddo shi, na ce in na yi mai wanka da marece in gwada."

Maitama ya dafa bango. Ya ce ta miƙo duka, kada ta bar ko ɗaya, ta wanke hannu da sabulu. Ta turo dilar ta ƙarƙashin labule, da igiyarta. Ya gaya mata abin da ya faru a Ƙaura a taƙaice, har da matar da za a miƙa wa 'yan sanda gobe. Bai ce komai game da wanda ya kawo dilar ba.

"Baba," ta ce a hankali, "na san ɗaurin. Irin wanda ka ka yi wa maraƙi ne. Tun ran sunan na gane, ban hwaɗa wa kowa ba, ko Mahmuda. Na ji daɗi ranar, Baba. Ba sai kowa ya sani ba. A ce wani baƙo ne ya aje."

Ga hanya ta buɗe masa, kuma hanya ce mai kyau. In ya ce baƙo ne, Saude ta fita, Karima ta sha kunyarta, shi kuma a ce Maitama ya sake bin sawu har inda ya ɓace. Ya tsaya yana kallon igiyar. Kunya ta rufe shi har ya kasa ce wa yarinyar ko sannu. Ya saɓa dilar a kafaɗa ya fita da ita ta tsakiyar garin Zurmi, da rana tsaka, kowa na kallo.

*

Bayan an sauko Juma'a, zauren mai unguwa ya cika har waje. Murtala na gaba da sauran iyayen yaran biyu. An kira Kamalu daga Shinkafi, yana rakuɓe a gefe yana share gumi. Mata suna soron ciki bayan labule, Karima a cikinsu. Saude kaɗai aka zaunar a bakin labulen, inda kowa zai gan ta.

Maitama ya ajiye kwalabe biyu a gaban mai unguwa. Tun safe ya zuba musu ƙwari daga wani tsohon wake.

"Ranka shi daɗe, wagga da guntun na shagon Saude. Wagga da guntun wanda anka sa wa Abbati. A duba."

Aka yi ta miƙa kwalaben hannu zuwa hannu. A ta farko ƙwari na hawa suna sauka abinsu. A ta biyu duk sun kife, ba mai motsi.

"Fiya-fiya ce," in ji Maitama. "Abin ya sha ta, ya bushe. In yaro ya yi fitsari ya jiƙe, sai ta taso ta kama hwata. Ba daga shagon Saude ya hito ba, ba ta taɓa sai da mai wanga girma ba, ga Kamalu nan. Ba daga wurin Kamalu ya ɗauko ta ba. Kyauta ce ta bi hannu-hannu, daga Zurmi ta shigo unguwagga, kuma waɗanda sunka miƙa ta ba su san abin da ke ciki ba."

Murtala ya miƙe. "To wa ya zuba? Hwaɗi sunanshi. Ko Zurmi yake, yau ina zuwa."

Maitama ya san bayan labule Karima na jiran ya kira sunanta. Ya san kuma kalmar "baƙo" na nan a bakinsa, a shirye. Ya jawo dilar daga bayansa ya ajiye a tsakiya.

"Ba sai ka je Zurmi ba, Murtala. Ni ne."

Ba wanda ya gane da farko. Har wani ya yi 'yar dariya.

"Ni na saye shi Shinkahi. Na ɓoye shi cikin wakena, na yayyahwa mai magani da hannuna, don ina jin kunyar a ce na yi wa..." Ya tsaya. Shekara ashirin da wani abu bai faɗi sunan ba, kuma bai taɓa zaton a gaban taro zai fara ba. "Na yi wa Nusaiba sayayya. Ni na aje shi zaurensu. Ni na ƙone ɗanka. Matagga ba ta yi komai ba. Ranka shi daɗe, in akwai wanda za a ba 'yan sanda, ga ni."

Ya cire hularsa ya ajiye a kan dilar, ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

Murtala ya dubi hular. Ya zo da fushin da ya tanada don baƙuwa marar kowa, ga shi an miƙa masa dattijon da ya yi masa waliyyi ranar aurensa. Ya dubi hannuwansa, waɗanda suka ɓalle ƙofar, ya koma ya zauna. Can cikin soro wata ta rushe da kuka tana cewa ita ta ce na Saude ne, a yafe mata. Maza suka sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka fi kowa baki a ranar Talata.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce dilar za a kai wa Malama Khadija, maganar Maitama kuma sai an ga yadda jikin yaro ya yi, Murtala ne mai haƙƙi. Sannan ya juya.

"Saude, kin ji. Kin hita. Unguwa ta zalunce ki, kuma ni ma ban tsaya miki yadda ya kamata ba. Za a gyara miki shago. Kina da magana?"

Saude ta ɗago kai. Ba ta dubi Murtala ba, ba ta waiga wurin mai kuka ba. Maitama ta duba, shi kuwa ya kasa ɗago kai.

"Baba, kullum ta ƙohwar shagona ka ka wuce zuwa masallaci. Da ka tsaya ka ce mini jika za a yi maka, da na ba ka ƙarami daidai jariri, in aika yaro ya kai, ba mai ji." Ta gyara mayafinta ta miƙe. "Shagon ku bar shi, ranka shi daɗe. Na ji abin da anka ce a kaina bakin rijiya, kuma ba fiya-fiya ta sa su hwaɗi ba. Ni dai a bar ni in je in ga Abbati, sannan in nemi mota."

Mutane suka dare mata hanya. Ta bi ta tsakiyarsu ta fita, ba wanda ya iya ce mata ta tsaya.